Babi na Bakwai: Ƙaya, Rairayi da Marmara

Da muka gama gaisawa a gindin gadar Kennedy, jagoranmu ya tsuguna ya bi kekunanmu ɗaya bayan ɗaya yana matsa taya da babban yatsa. Mu biyar ne, cikin watan Janairu, ba a daɗe da idar da sallar asuba ba, iskar hunturu sai kutsawa take ta hannun riga. Da ya zo kan nawa ya girgiza kai.

"Malam, wannan iskar kwalta ce. Inda za mu, taya mai tauri nutsewa take."

Ya danna bakin tub, rabin iskar da na kwana ina bugawa da famfo ta yi waje. Abin ya sosa mini rai, amma na haɗiye. Shekarata uku ke nan a Yamai, in na haye kogi ban taɓa wuce Jami'ar Abdou Moumouni ba, baƙo kuwa ko da idonsa makaho ne.

Mutumin Bazabarme ne, mai gyaran keke a wata rumfa a Haro Banda, Hausarsa ta kasuwa ce, mai kauri a baki amma ba ta ɓatar da mai sauraro. A lokacin, ranar Lahadi yakan rufe rumfa ya ja ayarin masu keken daji, galibinsu Turawa ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, sai ɗaiɗaikunmu ƴan ƙasa da cutar ta kama. Ba shi da taswira, ba shi da takardar shaidar komai. Jarinsa shi ne ya yi kiwon awakin mahaifinsa a waɗannan tuddai tun bai san hannun damansa da na hagu ba, ya san wace hanya ruwan bana ya cinye, ya kuma san sunan mai garin kowane ƙauye da sunan wanda ya gada.

Shi wannan wasa na hawa keke a tsauni ba tsoho ba ne. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka riƙa tsintar tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya suna gangarowa da su daga tsaunin Tamalpais. A 1976 suka fara wata tsere da suka raɗa wa suna Repack, domin kafin mutum ya kai ƙasa birki ya ƙone man da ke cikinsa, sai an sake cusa wani. Cikinsu akwai Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, aka fara sayen keken tsauni a kanti kamar kowane kaya. Faransawa suka kira shi VTT, da wannan sunan kuma ya iso Nijar, yawanci cikin kwantenar gwanjo ta tashar Kwatano ko Lome.

Cikin wuraren da hawa keke ya zama babbar sana'a kuwa akwai ƙasashen da ake noman inabi a jikin tudu. A Gaiole, cikin yankin Kiyanti na Italiya, tun 1997 ake taron L'Eroica, inda ake bin fararen hanyoyin tsakuwa da ke ratsa gonaki, kuma ɗaya daga cikin dalilan kafa shi shi ne kada a zuba wa hanyoyin kwalta. A Afirka ta Kudu tseren Cape Epic, wanda aka fara a 2004, yakan ratsa gonakin inabin Yammacin Kef, mahaya biyu-biyu, har kwana takwas. Baya ga tsere akwai masu yawon shaƙatawa: a ba ka keke, a haɗa ka da jagora, ku hau ku sauka tsakanin kunya-kunyar inabi, ku ya da zango a gidan manomi ya ɗanɗana muku abin da ya matse, ku biya shi. Manomi ya ci riba biyu, ya sayar da amfanin gona, ya sayar da kallon gonar. Na taɓa ba jagoranmu wannan labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna sarƙar kekensa ya ce mu tamu giyar a nan take, guda ashirin da ɗaya, kuma ba ta hana salla.

Yamai ba ta da gonakin inabi. Tana da kogi, da lambuna, da tuddai masu jan kai, da ƙauyukan da ba su kai tafiyar sa'a guda daga fadar shugaban ƙasa ba amma har gobe da turmi ake daka a cikinsu. Duk abin da Baturen Kiyanti ke sayarwa akwai ɗan'uwansa a nan, illa dai ba wanda ya sa masa kuɗi.

Gadar Kennedy, wadda aka gama a 1970, ta haura mita 700, kuma shekara arba'in ita kaɗai ce ta haɗa gaɓa biyu kafin ƴan Sin su gina ta biyu a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché ta zo a 2021. Da sassafe duk zirga-zirgar gari take nufa. Mu kaɗai muke fita. Muka yi ta kauce wa amalanken jakuna, da mata masu ƙwaryar nono, da wani raƙumi da aka lafta wa ciyawa har ba a ganin tozonsa. A tsakiyar gada jagora ya waiwayo ya ce da ni, "Malam, ka bar Hausa ke nan." Na ɗauka zolayata yake. Ashe a bakin Zabarmawa da Sonrai gaɓar hagu ta kogin, wadda birnin ke kanta, sunanta Hausa, gaɓar dama kuma Gurma. Ni da na taso a Maraɗi ina ganin Yamai ba ƙasar Hausa ba ce, sai ga shi mutanen kogi sun daɗe da ba mu ita, a baki dai.

Muka karya hagu muka hau dig, shingen ƙasar da ke tsare fadamar shinkafa daga kogi. Nan ne wuri mafi daɗin tuƙi a duk tafiyar: ƙasa a daddaɓe, ruwa a hagu, a dama filayen Kirkisoye ana dashen shinkafar rani, mutane sun duƙa cikin taɓo har ƙauri, balbelu na bin bayansu. Hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke kula da irin waɗannan filaye, kuma sau biyu ake girbi a shekara. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne ganin kogi a cike maƙil a tsakiyar rani, wata huɗu rabon da a ga ɗigon ruwan sama. Kogin Yamai cika biyu yake yi. Ta farko ita ce ja, ta Agusta da Satumba, ruwan da rafukan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwasowa daga ƙasar Gurma da jan laka. Ta biyu ruwan da ya sauka ne a tsaunukan Gini tun damina, ya je ya yi zamansa a fadamun tsakiyar Mali, ya tace, sannan ya iso nan cikin sanyi. Wato ruwan da muke gani a hagunmu ran nan ya fi wata uku a hanya. Ja ɗin ne mai ɓarna. A Satumbar 2020 ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, tsayin da ba a taɓa rubutawa ba, a daminar nan kuma dig ya ɓalle, unguwanni irin su Lamorde suka koma sai da kwale-kwale.

Bayan shinkafa sai lambuna. Mangwaro ya yi fure, ƙamshinsa mai nauyi ya cika hanya, ƙudan zuma na ta kai da kawo. A ƙarƙashinsa kwamin salati da kabeji da albasa, ga rogo, ga gwanda, ga zogale layi-layi an datse masa kai daidai ƙugu don ya yi ta tofo. In akwai abin da ya kamata a kira inabin Yamai, to zogale ne. Daga waɗannan lambuna ake loda shi buhu-buhu zuwa kasuwannin birni, a dafa, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji ya zama abin da Zabarmawa ke kira kopto, ko a haɗa shi da dambu. Wanda ya yi azumi a Yamai ya san ba a buɗe baki babu shi. Wani mai lambu ya tsayar da injin ban ruwansa don kawai mu ji gaisuwar juna, ya tsinko mana gwanda biyu, ya ƙi karɓar ko dala.

Daga nan daɗi ya ƙare. Muka juya wa kogi baya muka faɗa ƙorama.

Ƙoramun wannan yanki, waɗanda ake ce wa kori, busassun kwazazzabai ne da ruwa ke bi sa'o'i kaɗan bayan an ɗauke sama, ya bar rairayi mai laushi kamar gari. Hawa keke a cikinsa yana da ƙa'ida, kuma jagora ya faɗa mana ita sau biyu: ka sa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka ja jikinka baya a kan sirdi, ka sassauta hannu ka bar kan keke ya nemi hanyarsa, kada ka taɓa birki, kada ƙafa ta huta. Na ji duka, na gyaɗa kai, da tayar gaba ta fara rawa kuma sai na yi duk abin da aka hana. Na damƙe kai, na murɗa, na taka birki. Keke ya tsaya cik, ni ban tsaya ba. Na tashi da yashi a baki da kunne, ƙarangiya ta yi wa wandona ado tun daga gwiwa har idon sawu. Wasu yara masu kiwo da ke kan gaɓa suka kwashe da dariya, ɗaya har da faɗuwa yana kwaikwayona, kuma wallahi ya iya.

Ba mu yi nisa ba tayar bayan wani abokin tafiyarmu ta kwanta. Tsidau ne, ƴar ƙayar nan mai ƙahoni da ke kwance a ƙasa tana jiran tafin ƙafa. Na tsaya na kalli aikin faci kamar ban taɓa gani ba. Ya kifa keken, ya zare tub da bayan cokali biyu, ya ɗan buga iska, ya riƙa zagaya shi kusa da leɓensa na sama har ya ji inda take hurowa. Ya shafa yawu, kumfa ta tashi. Ya kankare wurin da guntun marmara da ya tsinta a gefen ƙafarsa, ya shafa sholisho, sannan ya ajiye ya ɗauko goro ya ɓare. Baturen da ke da keken ya ƙagu, ya miƙa masa facin. Ya ce a'a, sai ya sha iska, sholisho ɗanye ba ya riƙo. Da ya manna, kafin ya mayar da tub, ya zura yatsunsa cikin taya ya bi ta a hankali har ya zaro ƙayar, da ƙanwarta da ba wanda ya san da ita. Tasa tayar kuwa ya shimfiɗa mata tsohon tub da ya tsaga a ciki, shi ya sa yakan yi wata bai yi faci ba.

Wajen hantsi muka hango rumbuna. Tun da sauran tafiya jagora ya sauka ya ce kowa ya sauka. Ba a shiga gari a kan keke kamar an zo kama ɓarawo. Muka tura su da hannu har gindin wata bishiyar gawo inda dattawa ke zaune a kan tabarma, ya cire hularsa ta kwano, ya durƙusa, aka shiga fofo da mate ni go, ana tambayar gida da gajiya da sanyi, ana amsawa da baani samay, har sai da na ga Turawan sun fara duba agogo. Ya zaro ƙullin sukari da ganyen shayi daga jakarsa ya ajiye a gefen tabarma ba tare da ya ce komai a kai ba. Sai bayan nan aka ce mu zauna, aka aika yarinya ta kawo ruwa, bayansa ƙwaryar fura da ludayi ɗaya. Kyamara ba ta fito ba sai da ya nemi izini, kuma ɓangaren da mata ke daka ya ce a bar shi.

Na daɗe ina tunanin wannan ƙullin sukari. A Kiyanti lissafin a fili yake, ka sha ka biya, kowa ya san matsayinsa. A nan in ka ciro kuɗi don fura ka ci mutuncin mai gida, in kuma ka sha ka tashi hannu rabbana, mako-mako, da baƙi biyar-biyar, ka mayar da karamcin talaka abincin ƴan yawon buɗe ido. Waɗansu baƙin sun ɗauka maganin abin shi ne su watsa wa yara alewa da ƴan canji, abin da ya haifar da ƙauyukan da tun daga nesa yara ke rugowa suna ihun kado, kado, wato a ba su kyauta. Jagoranmu ya tsani wannan, yakan ce wanda ya koya wa ɗan wani roƙo bai taimaki uban ba. Hanyarsa ita ce a gaida manya da abin da ake gaida manya, in kuma ana sayar da wani abu a garin, ƙwai ne ko tabarma ko zabo, a saya ba tayi. Ban ce ya warware matsalar ba. Na dai ga ana murna da zuwansa, kuma ba a kiransa da sunan mai kawo Nasara, da sunan mahaifinsa ake kiransa.

Muna shirin tashi wani tsoho ya iso a kan baƙin keken Phoenix, irin mai sanda a tsakiya da birkin ƙarfe, giya ɗaya tal, an ɗaure masa itace a kariya har ya fi kan mai shi tsawo. Ta ƙoramar da ta kayar da ni ya biyo. Yana jin Hausa, don ya yi ci-rani a Kano da ƙuruciya. Ya zagaya kekunanmu yana taɓa tayoyin, ya tambayi kuɗin ɗaya, aka faɗa masa, ya yi salati.

"To, ɗana, ina kayanku?"

"Baba, ba mu da kaya."

"Saye za ku yi a gaba?"

"A'a, dutsen can za mu hau."

"In kun hau fa?"

"Sai mu sauko."

Ya dube ni, ya dubi jagora, ya ce Allah ya ba da lafiya, da irin muryar da ake yi wa majinyaci addu'a. Ban ga laifinsa ba. A ƙasarmu keke jakin talaka ne, na malamin makaranta da mai kai madara da mai tallan yadi, kuma kowace siririyar hanya da muka bi ran nan irin wannan tsoho ne ya fitar da ita da tayarsa, shi da jakai da matan da ke zuwa rijiya. Mu aro muka yi. Shi ya sa da damina, in gero ya rufe gonaki, jagora ba ya yarda a ratsa ko da gefen kunya ne, sai dai a bi burtali a sha ƙurar shanu.

Duwatsun da muka nufa su ne uku da ke tsaye kudu maso yammacin birni, waɗanda Faransawa suka kira Trois Sœurs, wato ƴan'uwa mata uku. Mutumin Jos ko na Agadas zai yi musu dariya, amma ya zo ya hau da keke tukuna. Kansu a shafe yake kamar an yanka da wuƙa, domin a da can duk fili ɗaya ne mai rufin marmara, ruwa ya yi ta zaizaye inda ya samu taushi ya bar inda ya gagara. Jikinsu tsakuwa ce ja mai mulmulewa a ƙarƙashin taya. Rabin hawan a ƙafa muka yi shi, keke a kafaɗa, har shi jagoran, abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya.

Daga sama Yamai takan koma ƙarama. Garin da ya karɓi babban birni daga hannun Damagaram a 1926 sai ka gan shi kwance cikin hazo, kore saboda dogon yaro, kogi ya naɗe masa gefe, gadoji kamar zare. Ta ɗaya ɓangaren kuma fako ne shimfiɗe har ƙarshen gani. A irin wannan fako na yammacin Nijar ne ake samun dajin nan mai layi-layi, geza da sabara su yi jeri, sai fili ƙwal, sai wani jerin, wanda daga jirgin sama yake kama da zanen jikin dabba. Dalilinsa ruwa ne: ƙasar ta yi tauri ba ta sha, sai ruwan ya gangara daga filin ya taru a gindin itatuwa, kowane jeri yana rayuwa da rabon filin da ke bayansa. In aka sare jerin don girkin birni, ba abin da zai tare ruwan, sai ya kwashi ƙasa ya faɗa kori, kori ya kai kogi. Yashin da na ci da safe daga nan ya fito, kuma can kogi za shi, inda yake taruwa tsibiri-tsibiri. Dattawan Yamai ba su manta 1985 ba, shekarar da kogin ya tsaya da gudu har ana taka shi da ƙafa. A gindin dutsen mun ga ramukan rabin wata da aka haƙa jere don su kama ruwa, wasu ciyawa ta fito a cikinsu, wasu ko tsinke.

Wannan zagaye ɗaya ne cikin da yawa da yake kai mutane a lokacin. Akwai na Bubon, kimanin kilomita 25 sama da birni a gaɓar Hausa, wanda ake dacewa da shi ranar Laraba don kasuwa, a ga tulunan da matan garin ke ginawa suna yi musu zane, wani lokaci a ɗora kekuna a kwale-kwale a dawo ta ruwa ana leƙen dorina. Akwai hanyar Sayi, garin da matafiyin nan Bature Heinrich Barth ya haye kogi a 1853. Masu ƙarfin gwiwa kuma sukan ɗora kekuna a mota zuwa Kure, kilomita 60 a kan hanyar Doso, wurin raƙuman dawan da suka rage a duk Afirka ta Yamma. A 1996 ba su fi hamsin ba. Da kariyar hukuma da haƙurin manoman da suke ci wa wake, suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji cikin jihar Maraɗi. Kure ce wurin da jagoranci ya zama sana'a sosai a wannan yanki, da ƙungiya da tsari da kuɗin shiga da ake rabawa.

Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a can: Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar ACTED, da direbansu, da shugaban ƙungiyar jagororin Kure. Dama tun farkon shekarar an hana hawa babur a sassa da dama na jihar Tilaberi saboda tsaro, gandun dajin W kuma ya riga ya fara fita daga hannun masu yawo. Bayan Kure ofisoshin jakadanci suka ja wa mutanensu layi a bakin gari. Ayarin Lahadi ya watse cikin mako guda.

Jagoranmu ya koma rumfarsa. Kwanakin baya na kai masa kekena ya canza mini sarƙa, na tarar da shi da kekunan ɗaliban jami'a guda huɗu a kife, yana ɗaure wa ɗaya waya. Muna cikin hira wani mai itace ya tsaya shan iska a tayarsa, sai na ji ya shiga yi masa tambayoyi da Zabarmanci, yana nuni da sifana wajen yamma. Da mutumin ya tafi na ce me ake ciki. Ya ce korin da na faɗi a ciki ya ƙara faɗi da daminar bana, ya cinye hanyar gaba ɗaya, yanzu ta bayan lambun mangwaro ake zagayawa a fito daidai rijiya. Mai garin nan da ya ba mu fura kuma ya rasu, ɗansa na biyu ne a kan tabarmar.

"Ka ga sai a riƙe sunansa," in ji shi, ya miƙa hannu ya ɗauko sarƙar.